Birkin Surukina Ya Yi Laushi

Ku da kuke zama a bencin garejina kuna latsa waya, jiya na ji ɗayanku yana cewa canza birkin mota a gida bai fi soya ƙwai wuya ba. Wai ya gani a bidiyo, wani Bature ya gama shi cikin minti goma sha biyu, hannunsa ko baƙi bai yi ba. Ban tanka ba a lokacin, domin akwai noti biyu a bakina. Yau ba komai a bakin, don haka ku kife wayoyin nan ku saurara. Baturen nan na san aikinsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma na taɓa kwanciya a ƙasa ina gyara ɓarnar ɗalibinsa, ranar da saura ƙiris a ɗora 'yata da jikokina uku a hanyar Argungu cikin motar da ba ta da birki.

A Argungun na koyi aikin, wurin wani bakanike da ake kira Mamman Altine, Allah ya jiƙansa. Motar farko da na taɓa a garejinsa wata a-kori-kura ce mai ɗauko shinkafa da busasshen kifi daga Gulma. In na ce na taɓa ta, kada ku ɗauka sifana aka ba ni. Kujerar direba aka nuna mini, aka ce in cire takalmi in ɗora ƙafa a kan fedar birki in rufe ido. Shi yana ƙasa wajen taya, ni ina sama ina takawa. Can sai ya ɗago kai ya ce, "Mi kaj jiya?"

Na ce, "Ban ji komi ba."

Ya miƙe a hankali, ya goge hannu, ya ba ni ranƙwashi ɗaya mai kyau, ya koma ya kwanta. Wata shida muna haka. Ni a zatona mugunta ce kawai irin ta tsofaffi, ashe ƙafata yake koya wa karatu. Sannu a hankali na fara rarrabewa. Birki mai lafiya in ka taka shi tsayawa yake ya ƙi ka, kamar ka taka busasshiyar ƙasar fadama da rani. Wanda iska ta shiga kuwa lotsawa yake, kamar ka taka ruɓaɓɓiyar albasa a kasuwa. Sai da ƙafata ta iya wannan kafin aka yarda hannuna ya riƙe sifana, shi ma don in wanke ta da kananzir.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma babu na ado a ciki. Akwai jek, akwai gungumen kirya da nake tura wa mota a ƙasa, domin jek ba shi da amana, ranar da ka yarda da shi ranar zai zame. Akwai sifana sha huɗu da sha bakwai, da guduma ta lallashin faifan da tsatsa ta aurar da shi ga mota. Faifan nan shi ne diski, ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Fad kuma su ne 'yan takalman nan biyu da ke matse shi ta kowane gefe. Abin da ke riƙe da su muna ce masa kalifa, a cikinsa akwai fistin da man birki ke turowa in an taka. In ka kwance kalifa sai ka rataye shi da waya, ba a barinsa yana lilo a jikin tiyon mai. Sabon faifai da mai yake zuwa a jikinsa don kada ya yi tsatsa a kanti, dole a wanke shi tas kafin a ɗaura. Fistin kuma da dabara ake mayar da shi, a ɗora masa tsohon fad a danna da ƙarfe sannu sannu. Duk wannan Baturen zai iya nuna muku, ban hana shi ba. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ara muku ƙafarsa.

Masu motoci kuwa, na ga iri-iri tun da na dawo Birnin Kebbi na buɗe nawa wurin a unguwar Nasarawa. Akwai wanda birkinsa zai yi wata uku yana kuka, maganin da zai yi masa shi ne ya ƙara muryar rediyo. Sai ƙarfe ya ci ƙarfe, faifai ya yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa, sannan ya zo yana ce mini jiya-jiya abin ya fara. Wani Alhaji ya taɓa ce mini in canza masa fad na ɓangaren dama kawai, na hagun a bari sai an sayar da albasa. Na tambaye shi ko ɓangaren hagun wata unguwar yake zuwa daban. Akwai direbobin haya da in man birki ya ƙare musu a hanya sai su kaɗa ruwan omo su ɗura, su ce ai shi ma santsi gare shi. Waɗannan duk na iya da su, domin ko ba komai sun san ba su sani ba, shi ya sa suke zuwa.

Shekarar da fetur ya yi tashin da kowa ya sani ita ce ta kawo mana sabon iri. Motoci suka koma ƙarƙashin tamfol, kaji suka samu wurin yin ƙwai. Ciyawa ta fito a bakin ramin garejina. Ni da na yi shekara talatin da wani abu ina aikin birki, sai ga ni a fadama ina gyara wa manoman shinkafa injin ban ruwa don a ɗora tukunya a gida. 'Yan kaɗan ɗin da suka ci gaba da hawa mota kuwa, kowa ya zama bakanike a tsakar gidansa, waya a hannun hagu, sifanar aro a hannun dama. Asabar suke aikin, Litinin a jawo mini motar da igiya.

To a cikin waɗannan sababbin malamai har da surukina, mijin 'yata ta fari. Ita ba na kiran sunanta, kun san al'ada, ni da uwarta Kulu, Ta Gesse muke ce mata, domin a rukunin gidajen Gesse suke zaune. Shi kuma kowa Injiniya yake ce masa, karatun ban ruwa ya yi, yana aiki a wata ma'aikata. Yaro ne na kirki, ba ni da abin da zan ce. Ladabinsa har ya yi yawa. Shekara tara da auren, maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba, shi a tsugune yana kallon ƙasa, ni a tsaye ina kallon wata ƙasar. Ban taɓa taka gidansa ba, ban taɓa shan ruwansa ba. Motarsa kuwa bai taɓa kawo mini ba, don ba zai iya buɗe baki ya sa uban matarsa aiki ba. In zai wuce ta layinmu ma zagaye yake yi, kada in ji ƙarar injin in gane abin da ke damunta.

Ranar wata Lahadi da safe ina zaune a tabarma da kokona da ƙosai, Kulu ta fito daga ɗaki fuskarta cike da fara'a.

Ta ce, "Malam, ka ji abin arziki? Ɗazu Ta Gesse tak kira ni. Wai jiya Injiniya da kainai yac canza birkin motatai, tun hantsi hal la'asar. Yanzu haka shiri sukai, za su Gulma sunan ɗiyaƙ ƙanenai, da yara duka."

Na ce madalla, na kai ludayi baki.

Ta ce, "Kuma ta ce birkin ya yi laushi, lumus, kamat na sabuwam mota. Ko da yatsa kat taɓa sai shi tahi haƙ ƙasa."

Na ajiye ludayin. Na ce, "Mi kic ce?"

"Laushi nac ce. Kai komi sai ka samo mai aibi. Katihwa laushi aka so, tuwo laushi aka so, hannun amarya laushi aka so."

Gaskiyarta. A Hausa duk inda aka ce abu ya yi laushi yabo ne, wuri ɗaya ne kawai kalmar take zama ta'aziyya, shi ne a ƙarƙashin ƙafar direba. Na ce ta kira yarinyar yanzu ta ce kada su tashi.

Ta ce, "In ce mata mi? Ta je ta ce ma mijinta aikinai bai yi ba? Mutum ya wuni ƙarƙashin mota, har kaza anka yanka mai jiya."

"To ba ni lambatai."

"Kai da ko idonai ba ka kallo, shi zaka kira? Ka ce mai mi?"

Sai da na ɗaga murya sannan ta danna kiran. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba, sau uku. Na san tana can ƙasan jaka tare da turare da kayan barka. Na tuna hanyar Argungu ranar Lahadi, manyan motocin albasa da shinkafa, da shanun da ba sa neman izini kafin su ƙetara. Na zura babbar riga, don ba a zuwa gidan suruki da kayan baƙin mai, na ɗaure akwatin aiki da kwalbar man birki a bayan babur, na tayar.

Gidajen Gesse kamar uwa ɗaya ta haife su, ni kuma ban taɓa zuwa ba. Na zaga layi biyu ina raba ido. A na uku na ga wani ɗan zirin mai ya gangaro ta ƙarƙashin wani get ya jiƙa yashi. Na sauka na dangwala na shinshina. Man birki ne. Ban nemi mai yi mini kwatance ba, na yi sallama.

Injiniya ne ya buɗe, cikin farar shadda da hula zanna, makulli a hannu. Da ya gan ni saura kaɗan makullin ya faɗi. Ya zube a ƙasa.

"Baba! Lahiya dai? An tashi lahiya? Ina gajiya? Ya su Inna?"

Muka yi gaisuwar nan zagaye uku, kowa yana duban yashinsa. Ta gefen ido ina hango motar, an cika but ɗin baya da kaya, jikokina uku suna kujerar baya da sababbin ɗinki. Babbar, Walida, ta leƙo ta taga ta ce, "Lah, tsoho! Wa yan nuna maka gidanmu?"

A hanya na riga na shirya ƙaryata. Na ce, "Wucewa nikai. Na ji an ce an yi aiki, nac ce bari in sa albarka."

Fuskarsa ta washe. Kunya ta ɗan sake shi, ya ja ni wajen tayar gaba yana nuna mini ta ramukan rim, ƙarfen tsakiyar tayar. Faifan yana ta ƙyalli, mai yana naso a jikinsa.

Ya ce, "Ai abin ba wuya, Baba, duk yana cikin waya. Ko man da kamfani yas shafa ban goge ba, don shi daɗe da sabuntatai."

Ban yi mamaki ba. Mutumin da ledar kujerun motarsa take nan tun ranar da ya saya, ba zai wanke wa faifai shaidar sabunta ba. Na ce, "Fistin bai yi maka gardama ba?"

"Ya yi, Baba. Yaƙ ƙi komawa. Sai nik kwance tiyon, mai yaɗ ɗan zuba, nan take yak koma."

"Baturen yac ce a yi haka?"

Ya sosa ƙeya. "Caji yaƙ ƙare kahin shi kai wurin, kuma ba wuta. Sai niy yi aiki da abin da munka karanta. Ai duk lissahin matsin ruwa na."

Na roƙi arziki a bar ni in zauna a kujerar in ji daɗin aikin. Na cire takalmi na taka. Fedar ta tafi salin-alin har ta sumbaci ƙasa, ba ta ko yi mini sallama a hanya ba. Na sake takawa, ta ɗan yi kamar za ta tsaya, ta fasa. A madubi ina ganin kawuna uku da sababbin huluna da ɗankwali. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji a ƙarƙashin kowace mota ba.

Na ce, "Injiniya, motag ga ba ta zuwa ko bakin titi."

Wannan ita ce magana ta farko da na taɓa faɗa masa kai tsaye ba kewaye-kewaye. Don in rage masa zafi na ƙara da cewa aikin ya yi kyau, notuna sun ɗauru, Baturen ne ya riƙe rabin karatun bai ba shi ba. Iska ta shiga tiyo, sai an fitar da ita.

Na cire babbar riga na rataye a get. Aka sauke yara. Na ɗaga motar na tura mata dutse, tunda gungumena yana gareji. Na cire tayu, na tsiyayi fetur daga baburina, a wannan shekarar da ake auna shi kamar turare, na wanke faifan nan biyu. Na goge fuskar fad da samfefa. Duk wannan Injiniya yana tsugune a gefe yana cewa sannu Baba, duk notin da na kwance sai ya yi mini sannu.

Fitar da iska aikin mutum biyu ne, nan ne Baturen ma ba shi da yadda zai yi shi kaɗai. Ɗaya yana kujera yana taka feda, ɗaya yana ƙasa wajen wani ɗan noti a jikin kalifa. Na ƙasa ya ce taka, a taka sau uku. Ya ce riƙe, a danne kada a ɗaga. Sai ya buɗe notin, mai ya fito da kumfa, feda ta nutse, ya rufe, sannan ya ce saki. In na sama ya ɗaga ƙafa kafin a rufe, notin zai zuƙe iska ya mayar ciki, an koma gidan jiya. Na yi wa Injiniya wannan bayani sau biyu. Ya ce ya gane sarai, har ya faɗa mini sunan abin da Turanci.

Na kwanta a gefen taya. Maƙwabta sun fara leƙowa ta katanga, domin ba kullum ake ganin uban mata a kwance cikin yashin gidan mijin 'yarsa ba.

Na ce, "Taka!"

Sai na ji wani ɗan taɓi, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya.

"Da ƙarhi!"

"Baba, kana ƙasa hwa."

"Birki zaka takawa, ba ni ba. Taka! Riƙe!"

Ya riƙe. Na buɗe noti, kumfa ta fito. Ina so in ji ko fedar ta nutse, sai na ce, "Injiniya!" Ban rufe baki ba na ji ƙofa ta buɗe, ga takalma masu sheƙi a gaban hancina, ga mutum a tsugune.

"Na'am, Baba."

Notin ya ce fuut, ya shanye iskarsa.

Na ce ya koma, kuma in na kira shi ya amsa daga inda yake. Muka sake. A karo na biyu na kiyaye ban kira shi ba, amma mai ya fantsamo mini a ido na ce subhanallahi. Kafin in goge, ga shi a kaina da buta yana salati. Fuut.

A karo na uku na ce taka, na ji takun ya zo wani iri, ba ƙarfi ba tsari. Na leƙa ta ƙarƙashin motar. Ashe bai shiga ba. Yana tsugune a waje, ya zura hannu yana danna feda da tafi.

"Mi kakai haka?"

"Baba, wallahi ba ni iya zama bisa kujera kana kwance ƙasa. Mutane na kallo."

Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Kai, ladabin ga naka shi ka ɗura ma motag ga iska! In kashe mani ɗiya zaka yi, to kashe ta da rashin kunya mana, mu san abin da za mu hwaɗi!"

Wata mata a bayan katanga ta ce la'ilaha. Injiniya ya sunkuyar da kai, gumi yana ɗiga a shaddar. Ni kaina na ji nauyin abin da na faɗa, amma ya riga ya fita.

Sai labulen ƙofar falo ya motsa. Tun zuwana Ta Gesse tana bayansa, kunya ta hana ta fitowa. Ta fito cikin kwalliyar suna, ta tsuguna daga nesa ta gaishe ni ba tare da ta dube ni ba. Ta matsa kusa da mijinta ta ce a hankali, "Abban Walida, kai riƙe ma Baba kwalba, kana ƙara mai cikin tulun man birki. Ni in taka." Ta cire takalminta mai tsini ta ajiye a gefe, ta shiga ta zauna.

Lokacin da garejina yake ƙofar gidanmu, kafin in samu yaran aiki, ita nake ɗorawa a kan filo ta taka mini in ta dawo daga Islamiyya. Tun tana shekara bakwai har ta zama budurwa uwarta ta hana. Na manta da wannan, ko kuma in ce na ajiye shi inda ake ajiye irin waɗannan abubuwa.

Na ce, "Taka."

Uku suka zo, cikakku, a jere, ba gaggawa.

"Riƙe."

"Na riƙe."

Na buɗe. "Ta tahi?"

"Ta tahi ƙasa."

Na rufe. "Saki."

Haka muka yi ta yi, dama sannan hagu, har mai ya riƙa fitowa garau ba kumfa. Injiniya yana tsaye a gaban mota yana ƙara mai a tulu, aikin da ya dace da karatunsa, kuma ya yi shi da kyau. Na miƙe ina karkaɗe yashi na ce an gama, tunda gaba kawai aka taɓa. Gaskiya so nake in bar gidan nan kafin a tara mini unguwa.

Daga cikin motar na ji ta ce, "Baba, da saura."

"Na hidda ta duka."

Ta sake takawa a hankali kamar mai sauraro. "Akwai ta baya. Ƙahwata ta ji."

Na dubi Injiniya, wannan karon cikin ido. "Man da kac ce ya ɗan zuba, ɗan nawa na?"

Ya ce da ƙaramar murya, "Tulun ya ƙahe ƙaf, Baba. Na tahi sallar azahar nib bar tiyon a kwance."

In tulu ya ƙafe, iska ta zaga ko'ina ke nan. Tambayar da ya kamata in yi tun farko ce, kunya da sauri suka hana ni. Na koma na kwanta wajen tayar baya. Ta dama ta ba da kaɗan. Ta hagu kuwa da na buɗe, sai da ta yi ta tofar da kumfa kamar kunu a kan wuta. Da na bar su haka, da birkin ya kai su bayan gari lafiya, ya yi zafi, ya sake su inda ake bukatarsa. Ina kwance a wurin kunya ta kama ni, daɗi kuma ya kama ni, ban san wanda ya fi yawa ba. Shekara talatin da wani abu, yarinyar da ko sunanta ba na faɗa ta gyara mini aiki da tafin ƙafa.

Da aka mayar da tayu na shiga na taka. Fedar ta tsaya ta ƙi ni. Na fita da motar layi na gwada sau huɗu, na dawo na miƙa wa Injiniya makulli. Na ce sabon fad da sabon faifai ba su saba da juna ba tukuna, ya tafi a hankali, ya riƙa ba motar gaba tazara. Ya tsuguna ya karɓi makullin da hannu biyu. Aka kawo mini ruwa da abinci a tire, na ce alhamdulillahi na ƙoshi, na wanke hannu kawai. Kowa ya koma kallon yashinsa kamar ba a yi komai ba. Suka shiga mota, na ce ni gida na yi, Allah ya kiyaye hanya.

Ban yi gida ba. Na bari suka sha kwana, na bi su daga nesa. Na san aikina, na san birkin ya kama, amma hannuna ya ƙi juya kan babur. Muka fita gari, gidaje suka ƙare, gonakin gero suka fara. Ina bayan wata motar itace ina leƙen jajayen fitilunsu.

Can gaba wata babbar mota shaƙe da buhunan albasa ta ci birki ba shiri, garken shanu ya faɗo titi. Fitilun Injiniya suka kama. Na ga hancin motar ya duƙa, ta tsaya cak, tsakaninta da motar albasar akwai wurin da jaki zai wuce da kaya. Ni ma na tsaya a gefen titi na sauke ƙafafu. Shanun suka gama wucewa a natse, makiyayin ko waiwaye bai yi ba.

Kafin su tashi, gilashin gaba ya sauka. Hannu mai lalle ya fito, bai juyo wajena ba, ya kaɗa baya sau biyu, irin yadda ake ce wa mai rakiya ya isa haka. Ashe tun daga Gesse tana ganina a madubi.

Na juya babur. Sai a lokacin iska ta buge ni na lura da singileti na biyo su, babbar rigata tana can rataye a get ɗin surukina.